Kwana Uku Babu Hayaƙi

A ƙauyenmu ba a tambayar tsoho ko ya kwana lafiya, bututun hayaƙin gidansa ake dubawa. In hayaƙi ya tashi kafin ƙarfe bakwai, mutumin yana nan da ransa, babu dalilin damunsa da gaisuwa. In bai tashi ba, sai ka ƙarasa shan kofinka, ka ɗauki hula ka je ka gani. Ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba, amma har fasto ya san da shi.

Kauko Rautio yana da shekara saba'in da tara, gidansa na bakin tafki ta gabas. A ƙetare, tafiyar kilomita ɗaya da rabi a kan ƙanƙara in tafkin ya daskare, akwai gidan Aulis, ƙanin matarsa Hilkka, wadda ta rasu shekara goma sha bakwai da suka wuce. Wani ɗan tsibiri mai dogayen itatuwa ya tsaya a tsakiyar tafkin ya kare gidajen biyu, ko hasken taga ba a hangowa. Hayaƙi kaɗai ke haurawa saman itatuwan.

Rabon su da magana tun ranar da aka binne Hilkka. An dawo daga maƙabarta, ana shan kofi a ɗakin girkin Kauko, kowa ya yi shiru yadda ya kamata, sai Aulis ya leƙa taga ya ce, "Tarin itacenka ya karkata." Ya ci gaba da juya cokali a kofi. To a wajenmu gara ka ce wa mutum ɗansa ɓarawo ne, don halin ɗa ana iya ɗora shi a kan dangin uwa. Tarin itace kuwa hannun mutum ne shi kaɗai. Abin haushin ma, gaskiya Aulis ya faɗa, don a wannan shekarar Kauko tsakanin asibiti da gida ya yi ta, a gurguje ya jera itacen. Kauko ya tashi ya zaro hular Aulis daga jikin ƙusa ya miƙa masa. Aulis ya karɓa ya saka ya fita, kofinsa ko rabi bai sha ba.

Tun daga nan, kowace safiya Kauko zai sauka ɗakin ƙasa ya hura wutar tukunyar da ke ɗumama ruwan gidan, ya hauro, ya ɗauki madubin hangen nesa ya tsaya a taga. In ya tarar saman tsibirin fayau, shi ya riga ke nan, ranar kofi ya fi daɗi. In ya tarar hayaƙin Aulis ya riga nasa, sai ya ce ai ɗanyen itace ne, shi ya sa yake saurin turnuƙewa. Da za ka tambaye shi abin da yake kallo, cewa zai yi iska yake dubawa.

A watan Fabrairu ƙafarsa ta zame a matakalar ɗakin ƙasa yana rungume da itace, wuyan hannunsa na hagu ya tsage. Kwana tara ya yi yana hura wuta da hannu ɗaya bai gaya wa kowa ba, sai da 'yarsa Outi ta zo daga birnin Oulu ta tarar hannun ya kumbura ya yi launin baƙin burodi. Ta kai shi asibiti aka ɗaure. A hanyar dawowa ta rage rediyo.

"Baba, abu biyu ne. Ko ka koma gidan tsofaffi a garin Kajaani, akwai ɗaki a hawa na uku, ko a cire tukunyar nan a saka inji."

"Babu na uku?"

"Akwai. In tattaro kayana in dawo nan in zauna da kai."

Kauko ya yi ta tunani har suka wuce gidan mai. Ya ce, "A saka injin."

Wanda ya zo sakawa sunansa Jarkko, wani ƙaƙƙarfan mutum mai shekara hamsin, mai surutu fiye da yadda muka saba, an ce uwarsa 'yar kudu ce. Ya tsaya a tsakar gida yana yi wa Kauko bayani da hannuwa. Akwati ne mai fanka za a kafa a bayan gida, ya riƙa jawo iska yana tatsar zafin da ke cikinta, ya zuba shi a ruwa. Ruwan ya zagaya bututun ɗakuna ya ɗumama gida, sauran ya taru a tanki don wanka da wanke-wanke.

"Zafin wace iskar?" in ji Kauko.

"Ta waje, maigida."

Kauko ya dubi ma'aunin da ke jikin taga, shida ƙasa da sifili. "Wannan iskar?"

"Ita fa. Ko ashirin ƙasa da sifili ta kai, akwai sauran zafi a cikinta."

"Shekara saba'in da tara ina shaƙarta ban ji ba."

"Ai kai ba ka da fanka, maigida."

Kwana biyu suka yi. Suka yanka tsohuwar tukunyar gunduwa-gunduwa suka fitar, suka toshe ramin da hayaƙinta ke bi, suka kafa wani farin tanki mai tsawon firji a wurinta. Murhun ɗakin girki ne kaɗai ya rage mai cin itace a gidan, don ko sauna, ɗakin wankan tururi, tun zamanin Hilkka ta koma ta lantarki. Duk kwanakin da Outi ta yi a gidan, Kauko ya tsaya mata a kai sai ta hura wannan murhun da sassafe, wai burodi ya fi daɗi in an ɗumama shi a nan. Ranar Lahadi da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baba, murhun nan ma an gama da shi. Ka yi mini alkawari."

"Na ji."

"Ban ce ka ji ba. Ka faɗa da bakinka."

"Ba zan ƙara hura wuta ba."

Ta nuna masa wayarta, inda ɗumin gidan yake rubuce, ashirin da ɗaya. Daga Oulu ma za ta riƙa gani, in ya hau ko ya sauka za ta sani. Ba sai ta nuna ba ma. Mutanenmu maganarsu kaɗan ce, shi ya sa wadda ta fita ba a mayar da ita.

Ranar Litinin ya farka biyar da rabi kamar kullum. Ya sauke ƙafa ya ji daɓen da ɗumi, abin ya ba shi haushi. Ya sauka ɗakin ƙasa, farin tankin na ta gurnani a hankali, babu abin da yake buƙata daga wurin kowa. Ya hauro ya buɗe famfo, ruwan zafi ya zubo. Ya wanke wani kofi da ya riga ya wanke jiya. Bakwai saura kwata hayaƙin Aulis ya tashi a saman tsibiri, a miƙe, sai a lokacin Kauko ya tuna nasa bututun babu komai a kansa, kuma ba za a ƙara samu ba.

Tunaninsa na farko shi ne Aulis ya ci gasar yau. Na biyun ya ɗan jima kafin ya iso: Aulis zai zo. Dole ne ma, al'ada ce, ko maƙiyinka ne in hayaƙinsa bai tashi ba ka je. Kauko ya aske gemu da hannu ɗaya, ya saka rigar da yake zuwa coci da ita, ya fito da burodi mai zaƙi da Outi ta bari. Ya ajiye kofi biyu a tebur, ya dube su, ya mayar da ɗaya kabad, kada mutum ya shigo ya ɗauka jiransa ake yi. Ya shirya abin da zai faɗa, wato ba zai ce komai ba, zai bari Aulis ya gan shi zaune lafiya lau cikin ɗumi ya juya. Har rana ta yi yamma yana kallon kwanar tsibirin da ake ɓullowa. Hankaka ɗaya ya sauka a wurin, ya tashi.

Ranar Talata ya nema wa Aulis uzuri. Gidansu duk haka suke, ba sa yanke shawara da wuri. Hilkka ma shekara biyu ta yi kafin ta ce ta yarda ta aure shi. Wajen ƙarfe goma ya ji fankar injin ta tsaya, ya leƙa, sai ga farin abu na tashi daga akwatin. Ya fita da silifas ya tsaya a dusar ƙanƙara yana kallo. Abin ya hau har ya kai tsawon taga, ya watse. Ya koma ciki ya kira Jarkko.

"Injinka na hayaƙi."

"Ba hayaƙi ba ne, maigida, tururi ne. In ƙanƙara ta kama bayansa sai ya tsaya ya narkar da ita. Lafiyarsa ƙalau."

"Za a iya sa shi ya hau?"

"Ya hau ina?"

"Sama. Ya wuce itatuwa."

Jarkko ya ce, "Shekara goma sha biyu ina wannan aikin, maigida. Kowa tambayarsa yadda za a ɓoye shi."

"To shi ke nan," in ji Kauko, ya ajiye waya.

Ranar Laraba uzurin ya ƙare. Hayaƙin Aulis ya tashi a kan lokaci, hankali kwance, kamar babu abin da ya faru a duniya. Kwana uku ke nan. Da a ce Kauko na kwance a gindin matakala, da yanzu an wuce maganar ceto, kuma a gida mai ɗumi irin wannan gawa ba ta da haƙurin jira. Ya durƙusa gaban murhun ɗakin girki da ashana a hannu. Tsohuwar jarida ɗaya da itace biyu sun isa a gani daga ƙetare. Ya tuna alkawari, ya tuna ɗakin hawa na uku a Kajaani. Sannan ya ce a ransa, don me ma zai sanar da mutumin da bai tambaya ba cewa yana da rai? Ya mayar da ashanar.

Outi ta kira da rana. "Baba, ashirin da ɗaya nake gani, bai motsa ba."

"Bai motsa ba."

"Kana jin daɗinsa?"

"Yana aiki."

"Muryarka fa, me ya same ta?"

"Ita ma tana aiki."

Ya zauna ya cinye burodin shi kaɗai, ya riga ya bushe. Gaskiya abin ya yi masa ciwo, ciwon da ya fi na hannun. Shekara goma sha bakwai yana tsayawa a tagar nan, yana da tabbacin cewa a ƙetare akwai wani tsohon banza tsaye a tasa tagar yana kallon nan. Da wannan tabbacin yake tashi biyar da rabi, da shi ya hura wuta kwana tara da karyayyen hannu. Ashe shi kaɗai yake kiɗansa yana rawarsa. Ya ɗauki madubin hangen nesan ya saka a aljihun tebur, ƙarƙashin tsummokaran goge kwano.

Ranar Alhamis gari ya waye garau, sanyi ya sauka goma sha tara ƙasa da sifili. Injin na ta aikinsa, gida ashirin da ɗaya. Kauko ya zauna ya ba taga baya, ya ce yau ba zai duba ba. Bakwai daidai ya duba. Saman tsibiri babu komai, sai sararin sama. Ya zaro madubin daga ƙarƙashin tsummokara, ya goge shi da gefen riga, ya sake dubawa. Bakwai da rabi babu. Ya ƙarasa shan kofinsa, don haka ake yi, amma bai ji ɗanɗanonsa ba. Takwas saura ya ɗauki hula.

Ya fito da kujerar zamiya, mai dogayen ƙarafan nan biyu da ake tsayawa a bayanta ana turawa da ƙafa, ya hau ƙanƙara. Da hannu ɗaya ba ta tafiya a miƙe, sai ta yi ta jan dama. Sau biyu ya tsaya ya zauna a kanta yana haki, gashin hancinsa ya daskare. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabon da ya ji tun ranar da likita ya ja shi gefe a kan maganar Hilkka. Don ya kore shi sai ya yi ta zagin Aulis a fili, mai taurin kai, mai ƙona ɗanyen itace, wanda ko mutuwa sai ya zaɓi ranar da ta fi sanyi don ya wahalar da mutane.

Tsintsiya ba ta jingine a ƙofar Aulis kamar yadda ake yi in an fita, ke nan maigidan na ciki. Kauko ya karkaɗe takalmansa a dokin ƙofa ya tura. Ɗakin girkin sanyi ƙalau, har numfashinsa yake gani. Aulis na zaune a tebur kusa da taga, da babbar rigar sanyi da hular gashi, bargo a cinya, idanunsa a buɗe. A gabansa akwai madubin hangen nesa da kofi biyu, babu komai a ciki. Ya tsufa ƙwarai, fuskar ta zama ta Hilkka a ƙarshen kwanakinta. Kauko ya tsaya yana jira ya ga ko idanun za su ƙifta. Suka ƙifta.

"Ba ka mutu ba," in ji Kauko.

"Kai ma."

"Hayaƙinka bai tashi ba."

"Naka kwana uku."

"Inji aka saka mini. Mai tatsar zafi daga iska."

"Wace iskar?"

"Ta waje."

Aulis ya dubi ƙanƙarar da ta kama gilashin taga. "An cuce ka."

"Yana aiki." Kauko bai yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. "Kwana uku, Aulis. Ba ka zo ba."

Aulis ya nuna gefen kujerarsa da haɓa. Ƙarfen dogarawa ne a wurin, mai ƙafa huɗu, irin wanda asibiti ke ba tsofaffi. "Litinin na kai bakin tafki. Da rarrafe na dawo. Talata ban kai ba."

"Akwai waya."

"In na buga ka ɗauka fa? In ce maka me?"

Kauko ya juya maganar a ransa, ya ga tana da hujja.

"In kuma ba ka ɗauka ba," in ji Aulis, bai ƙarasa ba. Ya gyara bargon. "Sai na ce bari in bar tawa wutar ta mutu. In kana da rai za ka zo. In sha biyu ta yi ba ka zo ba, in kira Outi."

"Tun yaushe kake zaune a sanyin nan?"

"Tun jiya da yamma rabona da wuta. Da ka ɗan yi sauri."

"Hannu ɗaya gare ni."

"Na gani."

Daɗi ya kama Kauko har ya ji kunya, idanunsa suka yi zafi. Ashe ana kallo. Don kada a gani, ya juya ya fita ɗebo itace. A bayan gidan ya tarar da tarin Aulis, ya tsaya yana kallonsa. Ya kwanta gefe guda, an tokare shi da tsohon tsani, layin sama duk ya zube, kuma abin da ya rage ba zai kai ƙarshen watan Afrilu ba. Ga sawun ƙarfen nan mai ƙafa huɗu a dusar ƙanƙara, daga ƙofa zuwa tarin, an je an dawo ba adadi, itace ɗaya ko biyu kowane zuwa. A haka mutumin yake tayar da hayaƙi bakwai saura kwata. Shi kuwa Kauko yana da na shekara uku a gida, a jere kamar bangon coci, babu mai ƙonawa. Alkawarin da ya yi wa Outi ya faɗo masa a rai. Ya ce da yamma zai kira ta ya gaya mata da bakinsa, ta yi faɗan da za ta yi.

Sawu uku ya yi da hannun dama. Ya hura murhu, ya ɗora kofi, ya zuba a kofunan nan biyu. Suka zauna suna jin ƙarar itace na ci, har ƙanƙarar taga ta fara zuba. Aulis ya cire safar hannu ya rungumi kofinsa. Kauko bai cire hularsa ba.

"Tarin itacenka ya karkata," in ji Kauko.

Aulis ya ɗago ya dube shi. Kauko ya ci gaba da juya cokali. Sannan ya ƙara da cewa:

"Gobe zan zo mu gyara. Ina da itace, injin ba ya ci. Kullum da safe zan riƙa turo itace kujera ɗaya, in hura maka. Ba sai ka duba bututuna ba, za ka gan ni."

Aulis ya kurɓi kofi, ya ajiye a hankali.

"Abin da zan ce maka ke nan ranar," ya ce. "Gobe zan zo mu gyara. Ina cikin haɗa maganar ka miƙo mini hula."

Kauko ya dubi murhu, ya dubi taga, inda inuwar hayaƙi ke wucewa a kan dusar ƙanƙara.

Ya tashi, ya cire hularsa ya rataye a ƙusar bayan ƙofa, ya dawo ya zauna. Ya jawo butar kofin ya ƙara wa Aulis kofi.